Ku Tambayi Injiniya: Me ake zuwa yi a taron masana GPS?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Tun da na ambata a filin nan cewa masana taurarin nan masu nuna hanya suna da tarukansu na shekara-shekara, wasiƙu suka yi ta shigowa, wasu na son zuwa, wasu kuma na mamakin wai GPS ɗin waya har ya kai a tara mutane a kansa. Na zaɓo biyar na ɗan rage tsawon wasu saboda wuri, waɗanda ba su ga tasu ba su yi haƙuri.

TAMBAYA: Slm Injiniya, fatan kana lafiya ya aiki. Ni ɗalibi ne ina digiri na biyu a fannin safiyo, aikina a kan GPS ne, kuma kusan duk takardar da na buɗe sai in ga an ce an gabatar da ita a taron ION GNSS+ a Amurka. Wlh abin ya shiga raina ina so in je, amma da na lissafa kuɗin jirgi da masauki da rijista sai jikina ya yi sanyi. Don Allah me ake yi a wurin takamaimai, kuma ya cancanci in sayar da babur ɗina in ƙara da bashi in je? Daga ɗalibi a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumussalam ƙanena, Allah ya ba da sa'ar karatu. Kar ka sayar da babur, kar kuma ka ci bashi, wannan kam na faɗa maka kai tsaye. Amma son zuwan da kake yi abu ne mai kyau kar ka bari ya mutu, hanyar ce dai za ka sake.

Bari in fara da yadda taron yake. Wata ƙungiya ce a Amurka mai suna Institute of Navigation ke shirya shi, an kafa ta tun 1945, duk watan Satumba ake yi kuma ana yawo da shi gari-gari, an yi a Portland an yi a Miami, 2022 da 2023 a Denver, 2024 kuma a Baltimore. Kusan mako guda ake ɗauka. Kwanakin farko na darussa ne, manyan malaman fannin su ɗauki abu ɗaya su koyar da shi tun daga tushe, wannan kuɗinsa daban ne, sannan a gefe akwai zaman da jami'an gwamnatin Amurka masu riƙe da GPS ke yi da farar hula su faɗi halin da taurarin ke ciki, wanne ya tsufa wanne za a harba. Daga Laraba zuwa Juma'a sai a shiga gabatar da takardu, kuma nan ne sabon zuwa ke ruɗewa, don ɗakuna da yawa ne ke tafiya lokaci guda, wannan ana maganar jiragen sama, wancan motoci masu tuƙa kansu, wancan agoguna, wancan masu toshe siginal, kowa minti 20 ko kusan haka ake ba shi har da tambayoyi, in ba ka zauna da jadawalin tun a masauki ka yi wa abin da kake so alama ba to sai ka wuni kana leƙe-leƙe ka fito ba ka riƙe komai ba. Akwai kuma babban zauren baje koli inda kamfanoni irin su Trimble da NovAtel da Septentrio da u-blox ke shimfiɗa kayansu, risibar, wato na'urar da ke karɓar siginal ɗin taurari, da a makaranta sai a hoto kuke ganinta ka ɗauka ka juya ka tambayi injiniyan da ya yi aikinta da bakinka.

To amma takardun nan ana buga su daga baya, kai ma ka ce daga Zariya kake karanta su. Abin da kuɗin jirgi ke saya maka shi ne mutanen. Lokacin hutun shan shayi, mutumin da ka cika babi na biyu na aikinka da sunansa yana nan tsaye da kofi a hannu, kana iya matsawa ka gaishe shi. Sai dai abin da zai fara tambayarka shi ne a kan me kake aiki, me ka gano. In ka ce ai na zo ne in ga yadda ake yi, zai yi maka murmushi ya miƙo kati ya wuce. In kuwa ka ce ina da data ta shekara biyu daga tashar Zariya, ga yadda siginal ke yi bayan magariba, wallahi tsayawa zai yi ya saurare ka. Wannan shi ne abin da na fi so ka riƙe a duk amsar nan. Saman da ke kanmu yana cikin waɗanda suka fi ba GPS wahala a duniya, dalilin na nan a amsata ga mai safiyo na Birnin Kebbi a ƙasa, kuma tashoshin aunawa a Afirka sun yi kaɗan ƙwarai in ka kwatanta da Turai ko Japan. Masanan can suna da kayan aiki suna da kuɗi amma ba su da samanmu. Abin na min ciwo in ga takarda a kan saman Najeriya babu ɗan ƙasa ko ɗaya cikin marubutanta alhali eriyar da aka ɗebo datar tana cikin harabar jami'armu.

Kuma datar nan akwai ta. Tun 2008 Ofishin Babban Safiyo na Tarayya ya fara kafa tashoshin nan na NIGNET masu sauraron taurari dare da rana, akwai a Zariya da Birnin Kebbi da Katsina da Maiduguri da Yola da Toro da wasu wurare a kudu. Irin waɗannan tashoshi suna son wuta da intanet ba yankewa, kowa kuma ya san halin da muke ciki, don haka za ka tarar da giɓi nan da can, amma abin da ya samu ya isa aikin digiri. Ka samu malamin da ke duba aikinka ku nemi fayilolin RINEX, wato ɗanyen awon da tashoshin ke ajiyewa, ka sauke manhajar lissafinsu ta RTKLIB wadda kyauta ce, ka zauna a kai. Ko wayar Android ma tun 2016 ana iya ciro ɗanyen awo daga cikinta da manhajar GnssLogger.

In ka samu sakamako sai ka fara da ƙofofin da suka fi kusa. Ta farko cibiyar ICTP da ke Trieste a Italiya, wadda Abdus Salam ɗan Pakistan ya assasa a 1964. Tun 2009 suke haɗa hannu da Boston College suna shirya bita a kan ilimin taurarin nuna hanya musamman don masana na Afirka, ba a biyan kuɗin rijista, kuma suna da tallafin tafiya ga wasu daga cikin waɗanda aka zaɓa daga ƙasashe masu tasowa. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da harkokin sararin samaniya da ke Vienna shi ma yana shirya irin wannan bita a ƙasashe daban-daban yana ɗaukar nauyin wasu, shi ne kuma sakatariyar kwamitin ICG da aka kafa a 2005 inda masu taurarin ke zama tare. A gida akwai cibiyar ARCSSTE-E a jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife tun 1998, akwai cibiyar hukumar sararin samaniya ta ƙasa NASRDA ta awon doron ƙasa a Toro jihar Bauchi, da ta binciken sararin sama a Anyigba jihar Kogi, ga taron shekara na ƙungiyar masu safiyo ta ƙasa. Babban taron masu safiyo na duniya ma na FIG ya zo Abuja a 2013 ya zo Accra a 2024, wanda ya sa ido, ko a mota ma sai ya je.

Sannan sai na Amurkan. Wajen farkon Maris suke rufe karɓar taƙaitaccen bayanin takarda, akwai rangwamen rijista ga ɗalibai, in an karɓi takardarka sai ka nemi wasiƙar gayyata, da ita za ka tunkari jami'a da masu tallafi da ofishin jakadanci. Dokokin biza na Amurka suna ta sauyawa a 'yan shekarun nan kuma layi na da tsawo, ka bincika halin da ake ciki tun kafin ka kashe ko sisi. In ta can ba ta yiwu ba akwai taron Munich a Jamus da ake yi wajen watan Maris, ko da yake shi ya fi karkata ga manyan jami'ai da 'yan kasuwa, da taron Turai na ENC wanda ya fi dacewa da mai takarda.

TAMBAYA: Malam Injiniya barka da aiki. Ni direban babbar mota ne, yarona ne ya karanta min maganarka. Tsakani da Allah me za a tattauna har mako guda a kan GPS, abin da ka danna a waya ya nuna maka hanya? Sannan gaskiya ne data yake ci, kuma wai Amurka na kallon duk inda mutum ya shiga da shi? Daga direba a Kano.

AMSA: Barka kadai Alhaji, Allah ya tsare hanya ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Tambayarka ta yi min daɗi sosai.

Taurarin GPS suna can sama kimanin kilomita 20,200, kowanne na zaga duniya sau biyu a rana, ana buƙatar aƙalla 24 amma yawanci masu aiki sun kai 30 ko ɗoriya. Kowanne na ɗauke da agogon atam mai tsananin daidai, kuma aikinsa ɗaya ne, ya yi ta shela cewa ni ne wane, ina wuri kaza, ƙarfe kaza daidai. Ka san in hadari ya taso ka ga walƙiya sai an jima ka ji tsawa, daga tsawon jinkirin ka gane ruwan na nesa ko ya iso. To haka wayarka ke yi, tana duba lokacin da saƙon ya baro tauraro da lokacin da ya iso ta, ta lissafa nisa. In ta samu nisan taurari huɗu ta san inda take, uku don wuri, na huɗun don gyara agogon wayar wanda ba shi da inganci irin nasu. Sai dai saƙon nan da gudun haske yake tafiya, kilomita 300,000 a sakan guda, don haka kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na sakan zai jefa ka mita 300 daga inda kake. Har lissafin Einstein sai da aka saka, don agogon da ke can sama yana gaba da na ƙasa da kashi 38 cikin miliyan na sakan kullum, in ba a gyara ba kuskuren zai riƙa taruwa kusan kilomita 10 a rana. Ka ga kuwa akwai abin zama a tattauna.

Maganar data, GPS kansa ba ya cin ko kobo. Taswirar da ake zana maka a fuskar waya ita ke cin data, sai kuma ɗan bayanin da wayar ke saukewa don ta yi saurin gano taurarin. In ka sauke taswirar hanyar Kano zuwa Legas tun kana gida, ko a dajin da babu sabis ɗigon nan zai ci gaba da binka.

Maganar kallo kuwa, tauraron magana kawai yake ba ya ji, bai san wa ke sauraronsa ba, ko mutum ɗaya ne ko biliyan. Wanda ke iya sanin inda kake shi ne wanda wayarka ta aika wa, wato manhajojin da ka ba izini da kamfanin layinka. Tiraka da mai mota ke sa wa a motarku ma haka take, risibar GPS ce aka haɗa da layin waya, ta gano wuri ta tura masa. In kana son sirri sai ka duba izinin manhajoji a wayarka.

Kuma yanzu ba Amurka kaɗai ba ce. Su suka fara, sojojinsu suka harba na farko a 1978, bayan Tarayyar Sobiyet ta harbo jirgin fasinjan Koriya ta Kudu da ya ɓata hanya a 1983 shugaba Reagan ya ce za a bar farar hula su yi amfani da shi, aka kammala a 1995, amma da gangan suke dagula siginal ɗin farar hula har kuskure ya kai mita 100 sai a watan Mayun 2000 aka daina. Rasha na da GLONASS, Tarayyar Turai na da Galileo da ya fara aiki a 2016, Sin ta kammala BeiDou a 2020, Indiya da Japan na da nasu na yanki. Taurari sama da 100 kenan, wayar zamani duk tana ji daga gare su, sunan GPS ne dai ya bi baki.

Abin da ya fi ɗaukar hankali a tarukan yanzu shi ne raunin siginal ɗin. Kafin ya iso ƙasa ya yi laushi ƙwarai, 'yar ƙaramar na'ura na iya danne shi, mafi muni kuma ana iya ƙirƙirar na bogi a yaudari risiba. A 2013 Todd Humphreys na jami'ar Texas da ɗalibansa suka gwada a tekun Bahar Rum da izinin masu jirgin, suka karkatar da wani jirgin ruwa na alfarma daga hanyarsa alhali na'urorinsa na nuna komai daidai. A ƙarshen Afrilun 2024 kamfanin Finnair ya dakatar da zuwa garin Tartu na Estoniya har wata guda saboda katsalandan ga GPS. Sannan ba hanya kawai ba, turakun sabis ɗin waya da bankuna da layukan wutar lantarki da yawa daga taurarin nan suke saita agogonsu. Shi ya sa Galileo ta ɓullo da hanyar sa wa saƙonta hatimi don risiba ta bambance na gaske da na jabu, kuma shi kaɗai wannan sai a wuni ana muhawara a kansa.

TAMBAYA: Salam Injiniya. Ni mai safiyo ne shekara da shekaru. Abu biyu ke damuna. Na ɗaya, in muna aikin RTK da rana lafiya lau, amma in aiki ya kai mu bayan magariba sai na'ura ta ƙi fiks ta tsaya a fulot ko ta yi ta yankewa, har na fara zargin mai sayarwa ya ba ni jabu. Na biyu, kodinet ɗin da nake samu ba ya hawa kan tsohon filan ɗin fili, har rigima ta kusa tashi tsakanin maƙwabta. Ana tattauna irin wannan a tarukan naku ko sai manyan maganganu? Daga mai safiyo a Birnin Kebbi.

AMSA: Wa'alaikumussalam Yallaɓai, ai ku ne manyanmu a fili. Ana tattaunawa mana, matsalarka ta farko ma ɗaki guda ake ware mata. Ga wanda bai sani ba, RTK awo ne da ake kafa risiba ɗaya mai suna bes a wurin da aka san lambobinsa tana tura gyara ga ta hannu, fiks shi ne ta kama awo daidai na santimita, fulot kuma ba ta kai ga haka ba.

Mai yiwuwa ƙwarai na'urarka lafiyarta ƙalau. Daga kamar kilomita 60 zuwa 1,000 a sama akwai wani sashe da ake kira ayonosfiya, inda zafin hasken rana ke caza iska ta cika da lantarki, kuma dole siginal ya ratsa ta nan. Ratsawar na jinkirta shi, jinkirin da kan kai mitoci har gomman mitoci in an mayar da shi nisa. Wannan an san maganinsa, risiba mai sauraron zango biyu na siginal ɗin tauraro, kamar mitocin rediyo, irin su L1 da L2 ko L5 tana kwatanta su ta cire kusan duka. Masu zango ɗaya kuma ana aiko musu da ƙiyasi daga tauraron, na GPS yana rage kamar rabi, na Galileo kuma wato NeQuick a cibiyar Trieste ɗin nan da na faɗa wa ɗalibinmu aka gina shi tare da jami'ar Graz ta Ostiriya.

Amma mu namu ya wuce jinkiri. Layin tsakiya na maganaɗisun duniya ya ratsa ta Najeriya, kuma a yankunan da ke kusa da wannan layi in rana ta faɗi ƙasan ayonosfiya na saurin rasa lantarkinsa, sai wasu manyan kumfa su taso daga ƙasa su keta sama, siginal in ya bi ta cikinsu sai ya riƙa rawa yana ƙarfi yana raguwa cikin ƙiftawar ido har risiba ta saki tauraron, in ta saki kuwa sai ta koma lissafi daga farko, shi ne fulot ɗin da kake gani. Yakan fara bayan magariba ya kai wajen tsakar dare, ya fi tsanani wajen Maris da Afrilu da kuma Satumba da Oktoba, sannan yana bin zagayen rana na shekara 11 wanda ya kai ƙololuwa wajen 2024. A watan Mayun 2024 ɗin ma da aka yi babbar guguwar rana, manoma a Amurka sai da suka ajiye taraktocinsu masu bin GPS ana tsakiyar shuka.

Shawarata, aikin da ke son santimita a yi shi da safe, a kusanto da bes kusa da wurin aiki kar ya wuce kilomita 10 in da hali, a kunna duk taurarin har Galileo da BeiDou don in an saki wasu a riƙe wasu, a kuma ajiye ɗanyen data a sake lissafi a ofis. Kuma don Allah Yallaɓai in hakan ta faru ka rubuta rana da lokaci da wuri, kar ka goge fayil ɗin. Abin da kai kake ganin ɓata lokaci ne shi ɗalibin Zariya ke nema ya rubuta takarda.

Ta biyun kuwa ba ta sama ba ce. Tsofaffin filan ɗinmu a kan ma'aunin Minna aka yi su, wanda aka ɗora a kan siffar duniya ta Clarke 1880, GPS kuma da wani ma'aunin daban mai suna WGS84 yake aiki, wuri ɗaya lamba biyu, bambancin na kai gomman mitoci, ya isa ya shigar da katangar wani cikin filin wani. Ga kuma yadda aka yanka taswirar ƙasar, bel uku na tsohon tsarin ƙasa da shiyyoyin tsarin duniya na UTM na 31 da 32 da 33, ku a Birnin Kebbi 31 kuke. Ka duba me aka rubuta a jikin filan ɗin, ka nemi lambobin juyawa da ofishin babban safiyo na jiha ke amfani da su, sannan kafin ka taɓa filin rigima ka hau bikon biyu ko uku da aka san kodinet ɗinsu ka ga ko na'urarka ta yarda da su.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata kwalejin kimiyya da fasaha. An turo min imel wai an zaɓe ni in gabatar da takarda a taron duniya kan GPS a Dubai, na tura taƙaitaccen bayani da daddare da safe har sun amsa sun ce in biya dala. Na biya? Kuma in na gaske ne ya mace za ta yi a irin wurin, ban taɓa fita ba. Daga malama a Katsina.

AMSA: Wa'alaikumussalam Malama. Kar ki biya tukun. Taron gaske ba ya karɓar takarda cikin dare ɗaya, sai masana sun duba, makonni ake yi. Akwai masu sana'ar shirya tarukan bogi, su kama ɗaki ɗaya a otal su haɗa mai maganar GPS da mai maganar kiwon kaji da mai maganar ciwon suga, kowa ya karanta tasa a ba shi satifiket. Ki duba wace ƙungiyar masana ce ke bayan taron, ina takardun da aka buga na bara, su waye a kwamitin kuma in kin rubuta wa ɗayansu ya san da sunansa a wurin kuwa. In asusun da aka ce ki tura kuɗi na mutum ɗaya ne to magana ta ƙare. Kuma tunda a makarantar gwamnati kike, ki tambayi ofishin da ke kula da harkar TETFund a makarantarku ko akwai tallafin halartar taro a bana da sharuɗɗansa.

Game da zuwan, ki kwantar da hankalinki. Mata na ƙaruwa a fannin, kuma tun asali akwai hannunsu, Gladys West baƙar fata 'yar Amurka tana cikin waɗanda suka yi lissafin siffar duniya da GPS ya dogara a kai, bitar Trieste ma Patricia Doherty ta Boston College na cikin waɗanda suka tsaya mata. Ki je da shigarki ta mutunci babu mai ce miki komai. Wajen rijista ki faɗi irin abincin da kike ci, in babu na halal ki zaɓi kifi ko ganye, ki tambayi masu shiri ɗakin da za ki yi salla, yawanci suna samarwa. In za ki yi jawabi ki fara da taswirar inda kika ɗauki awo don da yawansu ba su san ina Katsina take ba, ki tsaya kan sakamako ɗaya mai ƙarfi, ki gwada da agogo a gida har ya zauna. Wanda duk kuka yi magana mai amfani ki rubuta masa imel kafin mako ya zagayo, tun bai manta fuskarki ba.

TAMBAYA: Sannu da aiki Malam. Mu nan da Faransanci muka yi karatu, duk wuraren da ake faɗa na masu Ingilishi ne. Akwai ƙofa gare mu? Daga ɗalibi a Maraɗi.

AMSA: Yawwa ɗan'uwa, akwai. Takwarar cibiyar Ile-Ife ta masu Faransanci tana Rabat a Maroko, CRASTE-LF, ita ma 1998 aka kafa ta ƙarƙashin tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya kuma suna koyar da wannan fanni. Sannan Nijar na cikin ASECNA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama mai hedikwata a Dakar, makarantarta ta EAMAC ma a Yamai take. Su ne ke jagorantar aikin da nake ganin ya fi kowanne muhimmanci a yankinmu, wato tsarin da tashoshin ƙasa ke auna kuskuren GPS su tura gyara ta wani tauraro zuwa ga jirage, har da gargaɗi cikin 'yan sakanni in siginal ya lalace, yadda jirgi zai iya sauka a ƙaramin filin da ba shi da na'urorin sauka masu tsada. Amurka na da irinsa WAAS, Turai EGNOS, Indiya GAGAN. Na Afirkan an fara watsa siginal ɗinsa na gwaji a 2020 ta tauraron Najeriya NigComSat-1R wanda aka harba daga Sin a Disambar 2011, aka yi gwajin sauka da jirgi a Lome a Janairun 2021. Babban abin da ke ba wannan aiki wahala shi ne ayonosfiyar nan da na yi wa mai safiyo bayani, don haka suna buƙatar mutanen da suka san ta, ka sa ido kan sanarwar bita da tarukan da suke yi. Ingilishin dai ka fara koyonsa ko na karatu ne, don bitar Trieste da yawancin takardun fannin da shi ake yi, lissafin kuwa wanda ka koya a Maraɗi shi ne dai a ko'ina.